Lambar 2,147,483,647: wace iri ce, kuma da gaske ne kwamfutoci za su rikice a 2038?

Me ya sa lambar 2,147,483,647 take yawan faɗowa inda ba a gayyace ta ba, kuma me ya haɗa ta da maganar da ake ta turawa a WhatsApp cewa ranar 19 ga Janairun 2038 kwamfutocin duniya za su birkice, kuɗin mutane su salwanta a banki?

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani abokina da ke riƙe da rajistar wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. An haɗa musu sabuwar manhaja, suka kwashe mako guda suna shigar da lambobin wayar iyayen yara. Ranar da ya buɗe jerin zai tura saƙon taron iyaye, sai ya tarar kowane uba lambarsa ɗaya ce da ta ɗan'uwansa: 2147483647, tun daga sama har ƙasa. Ya kira ni hankali a tashe, ya ce, "Malam, ko dai kutse aka yi mana?"

Da na kai labarin majalisarmu ta mai shayi a Samaru, sai ra'ayi ya rabu uku. Wani dattijo ya ce lamba ba ta maimaita kanta haka kawai, a nemi mai hisabi ya duba. Wani ɗalibi ya zaro waya ya nuna mana saƙon 2038, ya ce ai ita ce lambar da za ta tsayar da komai. Na uku ya ce duk tatsuniya ce irin ta shekarar 2000, da aka ce kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar har jirage su faɗo, kuma ba abin da ya faɗo. Kowannensu ya kama wani abu, amma sun cakuɗa labari biyu da ya kamata a raba. Lambar nan suna biyu ta yi. Ɗaya ta samo shi wajen masana lissafi tun ana rubutu da gashin tsuntsu, ɗaya kuma injiniyoyin kwamfuta ne suka ɗora mata jiya-jiyan nan.

Girmanta tukuna

Ga yadda ake karanta ta: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Idan mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ya kai gare ta. A riƙe wannan 68 ɗin, za mu dawo kanta.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda ta fito ita ce ta asusu. A ce ranar 1 ga Janairu ka jefa naira ɗaya a asusu, washegari naira biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum kana ninka abin da ka jefa jiya. Bayan kwana goma abin da ke ciki naira 1,023 ne kacal, ko kuɗin shayi da ƙwai bai kai ba. Bayan kwana ashirin ya zama 1,048,575. Bayan talatin, 1,073,741,823. Ranar 31 ga wata ka jefa na ƙarshe ka fasa asusun, abin da za ka ƙirga daidai wa daida naira 2,147,483,647 ne.

A lura da abu guda: kowace rana jimillar tana gaza zubin gobe da naira ɗaya tak. Daga 1 sai 3, sai 7, sai 15, sai 31, sai 63. Wato lambarmu ita ce abin da ake samu idan aka jera 2 har guda 31 aka ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya. Duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

Yadda ake sa lamba a aji

Mai lissafi idan aka miƙa masa babbar lamba, tambayoyi yake mata kamar yadda mai awo ke duba hatsi kafin ya yi ciniki. Ta farko ita ce wadda yara ke yi da tsakuwa a dunƙule a hannu: cika ko mara? Wanda ya saba da shafa'i da wutiri ya riga ya san wannan rabo. Lambarmu ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, biyu ba ta shiga cikinta. Biyar ma ba ta shiga, tunda ba ta ƙare da 5 ko sifili ba. Uku fa? Sai a tara alƙalumanta: 2 da 1 da 4 da 7 da 4 da 8 da 3 da 6 da 4 da 7 sun ba da 46, kuma uku ba ta raba 46, don haka ba ta raba uwar lambar.

Haka za a yi ta gwadawa, bakwai, sha ɗaya, sha uku, kowace ta bar saura. Gaskiyar ita ce babu mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Irin wannan lamba ni nakan kira ta gagara-rabo, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Idan magada suka gaji naira 2,147,483,647 aka ce a raba musu daidai ba tare da an taɓa kwabo ba, to sai dai magajin ya zama mutum ɗaya, ko kuma su kai mutum biliyan biyu da ɗoriya kowa ya ɗauki naira guda.

Malaman gado a zaurukan cikin birni sun san darajar akasin wannan. Asalin mas'ala a fara'ili kan 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24 yake zagayawa, kuma ba don komai 12 da 24 suka shiga ba sai don suna karɓar rabo ta fuskoki da yawa: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, ga 24 kuma har da sumuni. Lamba mai sauƙin kai ke nan. Gagara-rabo kuwa mai taurin kai ce, amma da ita ake gina sauran, domin kowace lamba da ta wuce ɗaya ko dai gagara-rabo ce, ko kuma an ninka wasu gagara-rabo ne aka same ta, ta hanya guda tilo.

Abin da ya fi burge ni shi ne maƙwabtanta na kusa. Wadda ke bayanta da ɗaya, 2,147,483,646, tana farfashewa zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, kuma lambobi 192 ne ke shiga cikinta daidai. Wadda ke gabanta da ɗaya, 2,147,483,648, babu komai a cikinta sai biyu tsantsa, za ka yi ta raba ta gida biyu har sau 31 kafin ka isa ɗaya. Ga tamu a tsakiya, masu raba ta biyu rak. Gida uku a jere, katanga ɗaya, hali bai zo ɗaya ba. Shi ya sa ba a gane gagara-rabo da kallon fuska.

Wa ya tabbatar, tun babu kwamfuta?

Lambobin asusun nan, wato ninkin biyu a cire ɗaya, ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Idan adadin biyun da aka jera ba gagara-rabo ba ne, to sakamakon ma ba zai zama ba, wannan tabbas ne. Amma ko da adadin gagara-rabo ne, ba a rantsuwa. Biyu guda 11 a cire ɗaya ya ba da 2,047, kuma 23 × 89 ke nan. Guda 23 ma ya fashe, guda 29 ma haka. Waɗanda suka tsira a farkon layi su ne masu biyu guda 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, sai 31. Tamu ce ta takwas a dangin.

A 1644 Mersenne ya wallafa jerin waɗanda yake ganin gagara-rabo ne, ya sa 31 a ciki, amma bai kawo hujja ba. Kuma jerin nasa bai fita lafiya ba: ya sa 67 da 257 alhali suna rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107 alhali ba sa rabuwa. Na 67 ɗin sai a 1903 wani Ba'amurke, Frank Nelson Cole, ya fito da masu raba ta, 193,707,721 × 761,838,257,287. Faɗa daban, tabbatarwa daban.

Wanda ya tabbatar da tamu shi ne Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Yadda ya rage aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake gane bambancin lissafi da wahala. Da farko, ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da biliyan biyu ba. Idan lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya zama ƙarami, bai wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai uwar ba. A nan 46,341 × 46,341 ya riga ya zarce, don haka iyaka ita ce 46,340. Gagara-rabo da ke ƙasa da wannan iyaka sun haura dubu huɗu, har yanzu aiki ne ja ga mai alƙalami da takarda. Sai aka yi amfani da wata ƙa'ida da ta samo asali daga Fermat, wani masanin lissafi Bafaranshe, Euler ya ƙara mata kaifi: duk gagara-rabon da zai raba wannan lamba, idan aka raba shi da 248 dole ya bar saura 1 ko 63. Da wannan rariya abin gwadawa ya koma ƙasa da 400. Aka gwada, babu wanda ya shiga.

Yau akwai hanyar da ta fi wannan gajarta, wadda Édouard Lucas ya faro a shekarun 1870, D. H. Lehmer ya kammala a 1930. Ɗan sakandare ma zai iya gwada ta da 31, wadda ita ce biyu guda 5 a cire ɗaya. Ka fara da 4. Ninka ta da kanta ka cire 2, ka sami 14. Maimaita: 14 × 14 a cire 2 ya ba da 194, a raba da 31 saura 8. Maimaita: 8 × 8 a cire 2 ya ba da 62, a raba da 31 babu saura. Taku uku ke nan, wato 5 a cire 2, kuma an ƙare da sifili, to 31 gagara-rabo ce. Ga babbar tamu taku 29 ake bukata, wayar hannunka za ta gama kafin ka ɗaga kofi.

Akwai wani ƙarin ado. Ita 31 ɗin, wato adadin biyun da aka jera aka sami tamu, ita ma 'yar dangin Mersenne ce, kamar yadda muka gani yanzu. Lamba mai irin wannan nasaba ta uwa da kaka, kuma ta zama gagara-rabo, huɗu kawai aka sani: 7, da 127, da tamu, sai wata mai alƙalami 39 da Lucas ya tabbatar a 1876. Amma kada a ɗauka ita ce babba a gidan. A Oktoban 2024 wani mai suna Luke Durant, ta cikin GIMPS, shirin haɗin gwiwa na masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta, ya gano ta 52 da aka sani a dangin, biyu guda 136,279,841 a cire ɗaya, mai alƙalami 41,024,320. Kusa da wannan, tamu mai alƙalami goma jaririya ce.

Kamila, naƙisa, za'ida

Akwai wani tsohon rabo da ya zo daga Girkawa ya bi ta Bagadaza, inda Sabit bn Ƙurra ya fassara littafin lissafin Nikomakus zuwa Larabci a ƙarni na tara. Ana tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta gaza ta, naƙisa ce, kamar 8, da 1 da 2 da 4 suka ba da 7. In ta zarce, za'ida ce, kamar 12 da ke ba da 16. In ta zo daidai, kamila ce, kamar 6, wato 1 da 2 da 3, ko 28. Tamu naƙisa ce ta ƙarshen naƙasa, tunda abin da za a tara mata 1 ne kawai. Maƙwabciyarta ta gaba kuwa, idan aka tara masu raba ta, abin da ke fitowa shi ne 2,147,483,647, ta rasa kamala da ɗaya tak.

Sai dai naƙisar nan tana haifar kamila. Uƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ya nuna tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa duk lokacin da jimillar asusu ta zama gagara-rabo, idan ka ninka ta da zubin ranar ƙarshe za ka sami kamila. Kwana biyu: jimilla 3, zubin ƙarshe 2, an sami 6. Kwana uku: 7 × 4, an sami 28. Daga nan 496, sai 8,128. Kwana 31: 2,147,483,647 × 1,073,741,824, ya ba da 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas. Euler ne kuma ya tabbatar cewa duk kamilar da take cika ta wannan hanya kaɗai take zuwa. Ko akwai kamilar da take mara, har yau masana ba su samo ba, ba su kuma kore ba.

Ga dattijon da ya ce a nemi mai hisabi, ba zan yi masa dariya ba. Sha'awar halayen lamba tsohuwa ce a ƙasar nan. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har gobe. Hatimi mai gida tara da kowane layi ke ba da 15 lissafi ne na gaske. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce lambar da ta cika rajistar abokina saƙo ce daga ɓoye. Dalilinta a fili yake.

Yadda ta zama bakin mudu a cikin kwamfuta

Kwamfuta ba ta san alƙaluma goma ba, biyu ta sani, sifili da ɗaya. Kuma ba ta ajiye lamba a fili mara iyaka, gurabe take ware mata, kowane gurbi ya ɗauki sifili ko ɗaya. Shekaru da dama ma'aunin da aka fi amfani da shi gurbi 32 ne. Ana ware guda don nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, kamar riba da bashi, saura 31. Idan aka cika 31 ɗin nan duka da ɗaya, darajarsu ita ce 1 da 2 da 4 da 8 har zuwa ƙarshe, asusunmu na Janairu ke nan. Mudun ya cika a 2,147,483,647.

In aka ƙara ɗaya fa? Ya danganta da yadda aka rubuta manhajar. Wata takan yi irin na carbin zamani da ake saƙalawa a yatsa, ko mitar tafiyar tsohuwar mota, da ke komawa sifili bayan 99999, sai dai ita kwamfuta can ƙasa take faɗawa, ta koma bashin 2,147,483,648. Wata takan ƙi karɓa ta tsaya. Wata kuma takan share bakin mudu ta zubar da ƙarin, ta rubuta iyakar abin da za ta iya ɗauka. Wannan na ƙarshe ne ya sami abokina. Lambar wayar Najeriya in aka cire sifilin farko tana farawa da 7 ko 8 ko 9, alƙalami goma, wato biliyan bakwai zuwa tara, duk sun fi ƙarfin mudun. Wanda ya haɗa manhajar ya ajiye lambar waya a matsayin adadi, sai kowace ta daki rufi ta tsaya.

Ba ƙananan masu haɗa manhaja kaɗai abin ke kamawa ba. A Disambar 2014 YouTube ya sanar cewa masu kallon waƙar Gangnam Style sun zarce wannan adadi, kuma ya mayar da ma'aunin ƙirgarsa gurbi 64. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin Boeing 787 za su iya ɗauke wuta idan aka bar su a kunne kwana 248 a jere, ta ba da umarnin a riƙa kashewa ana kunnawa kafin a gyara manhajar. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke nan Zariya su ɗauki kalkuleta: in ana ƙirga ɗari a kowace daƙiƙa, 2,147,483,647 na cika ne cikin kwana 248 da rabi. Ranar 1 ga Janairun 2022 kuma saƙonnin imel suka maƙale a na'urorin Microsoft Exchange na ma'aikatu da yawa, domin an rubuta kwanan wata a matsayin lamba guda, 2201010001, ta fi bakin mudu.

A nan ne ake yawan kuskure, har a bakin masu ilimi. Kasancewarta gagara-rabo ba shi da hannu ko kaɗan a wannan matsala. Dacewa ce kawai. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, kuma 7 × 31 × 151 ce. Iyakar gurbi 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, ita ma bakwai na raba ta. Inda taurin kanta ya yi amfani daban ne: an daɗe ana amfani da ita a wata sananniyar dabarar samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi a kwamfuta, inda ake ninka lamba da 16,807 a raba da ita a riƙe saura, kuma sai an zagaye duk lambobin da ke ƙasa da ita kafin jerin ya maimaita kansa. Su kuwa makullan sirri da ke tsare hada-hadar banki, gagara-rabo masu ɗaruruwan alƙaluma suke amfani da su, wannan ta yi musu ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

To, 2038 fa?

Unix, tsohon tsarin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda Linux da Android da manyan na'urorin intanet suka gaji salonsa, yana sanin lokaci ne ta ƙirga daƙiƙoƙi tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon GMT. In an ajiye ƙirgar a gurbi 32, shekara 68 ɗin nan da muka ce a riƙe ita ce wa'adinta. Zai cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba a Zariya, cikin sanyin hunturu, ladanai ba su ma kira assalatu ba. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ranar 13 ga Disambar 1901 ce, zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, tun Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba.

Saboda haka ɗalibin nan bai yi ƙarya ba game da ranar. Inda saƙon ya zarce gona da iri shi ne cewa komai zai tsaya. Maganin sananne ne, kuma an daɗe da fara shi: a faɗaɗa ma'aunin zuwa gurbi 64, wanda zai ɗauki kimanin shekara biliyan 292. Wayoyi da kwamfutocin da ake ƙerawa yanzu akasarinsu a kan 64 suke, kuma tun 2020 Linux ya buɗe hanyar da ƙananan na'urori masu gurbi 32 ma za su iya ƙirga lokaci da ma'auni mai faɗi.

Mai cewa tatsuniya ce shi ma ya yi gaggawa. Shekarar 2000 ta wuce lafiya ne saboda an shafe shekaru ana bin manhajoji ana gyarawa, ba don matsalar ƙarya ba ce. Kuma mu nan mun ɗanɗana irinta kwanan nan, ko da yake da yawa ba su san sunan ciwon ba. Duk mai mitar wuta ta kati zai tuna yadda a 2024 kamfanonin rarraba wuta suka yi ta sanarwa cewa a sabunta mita kafin 24 ga Nuwamba, a shigar da wasu lambobi na musamman masu alƙalami ashirin-ashirin, in ba haka ba mita ta daina karɓar sabon kati. Dalilin shi ne kowane kati yana ɗauke da hatimin lokaci da ke ƙirga mintuna tun daga 1 ga Janairun 1993 a cikin gurbi 24. Gurbi 24 na ɗaukar minti 16,777,216, wato shekara 32 ba kaɗan. Mudun ya cika a ranar da aka faɗa. Lambar daban ce, ciwon ɗaya ne. Duniya ba ta tashi ba, amma wanda bai sabunta tasa ba ya san ya yi sakaci.

Wa abin zai fi taɓawa a nan?

A ganina 2038 haka za ta zo mana, ba da tsawa ba, da ƙananan ciwon kai a wuraren da ba a zata ba. Kuɗin da ke asusunka na banki ba ya narkewa don agogo ya rikice, kuma manyan bankuna suna da masu duba irin wannan. Abin dubawa shi ne na'urorin da ake dasawa a manta da su: kyamarorin tsaro, na'urar raba intanet, injinan asibiti da na masana'anta, kwamfutar cikin mota. Mu kuma kasuwar tokumbo ce, abin da aka gama yayi da shi a Turai shi ke sauka a shagunan PZ da Sabon Gari ya sake sabuwar rayuwa. Na'urar da aka ƙera da tsohon ma'auni, kamfaninta ya daina aiko mata gyara, tana iya kaiwa 2038 tana aiki a wani ɗakin gwaji.

Wani abin kuma ba zai jira ranar ba. Duk manhajar da ke lissafin gaba, kamar ranar ritayar ma'aikaci, ko ƙarshen bashin shekara goma sha biyar, ko wa'adin takardar haya, tana iya cin karo da bangon tun yau. A rumbun bayanai na MySQL, wanda ɗalibai da yawa ke koyon aiki da shi, akwai nau'in gurbin kwanan wata da iyakarsa ita ce wannan daƙiƙa ta 2038. Haka nan mai haɗa wa ƙungiyar adashe ko ta 'yan kasuwa manhaja, in ya ajiye kuɗi da kwabo a gurbi 32, rufinsa naira 21,474,836 da kwabo 47 ne, abin da dillalin hatsi ɗaya zai iya juyawa a kaka. Lambar NIN da ta BVN kuwa alƙalami sha ɗaya ne kowace, ba sa ma shiga tun farko. Wannan aiki ne na masu koyarwa da masu koyo a kwalejin Nuhu Bamalli da ABU, jami'ar da cibiyar kwamfutarta ke ɗauke da sunan masanin lissafi, Farfesa Iya Abubakar.

Shi abokina, gyaran nasa bai ɗauki minti goma ba. Yaron da ya haɗa manhajar ya zo ya mayar da gurbin lambar waya ya zama na rubutu maimakon na adadi, tunda ba wanda ke tara lambar waya da wata ko ya raba ta, kuma da haka sifilin farko ma ya daina ɓacewa. Abin da bai gyaru ba shi ne lambobin da aka riga aka shigar, don kwamfutar ba ta ɓoye su a wani wuri ba, zubar da su ta yi tun ranar farko. Sai da aka sake ɗauko tsofaffin fom daga kabad, malamai biyu suka zauna Asabar da Lahadi suna bugawa ɗaya bayan ɗaya.